Hakkin Bududdugi a Fadamun Kebbe da Tambuwal

Malaman halittu na duniya, bayan sun yi shekaru suna tahkikin jinsin kwaɗi da danginsu, sun bayyana a 2023 cewa kimanin kashi 41 cikin ɗari na nau'o'insu suna bakin halaka. A tsibirin Siri Lanka ma akwai waɗanda aka ɗebe tsammanin sake ganinsu, tun da aka sare dazuzzukan tuddai aka dasa ganyen shayi. Mai karatu zai ce ina ruwan Batambuwale da tsibiri, alhali kukan kwaɗi da damina yana hana shi barci. To, amma yawan abu bai taɓa zama hujjar dawwamarsa ba.

A fadamun da Gulbin Zamfara yake shayarwa, daga Kuci har Romo, bududdugi ne mai gadin shinkafa da ba a biyansa lada, domin dare duka yana cin fara da tsutsa da sauran ƙwarin da manomi yake sayen magani don ya kashe. Ga shi kuwa fatarsa tana shan duk abin da ke cikin ruwa, saboda haka feshin da aka yi wa ciyawa da ƙwari yakan iske shi, da shi da talibambam ɗinsa. Bayan wannan kuma ga fatauci, gama busassun kwaɗin Arewa buhu-buhu ake kai su kasuwannin ƙasar Yarabawa. Indiya ta yi irin wannan ciniki da Turai, sai da ƙwari suka yi wa gonakinta yawa, sa'an nan ta hana fitar da ƙafafun kwaɗi a 1987.

Ban ce cin bududdugi haramun ne ba, domin Malikiyya sun lissafa shi cikin dabbobin ruwa da aka halatta, ko da yake Shafi'iyya da Hambaliyya sun hana, bisa hadisin da Abu Dawuda ya ruwaito na hanin kashe kwaɗo. Wannan saɓani na fukaha'u ne, su ya kamata su yi bayaninsa. Abin da nake nema maslaha ce: Sarakunan Ruwa, waɗanda tun kaka da kakanni suke rufe tafki har ranar su, su hana kamun bududdugi a farkon damina, lokacin da yake zuba ƙwai, malaman gona kuma su nuna wa masu feshi inda za su wanke tankunansu nesa da bakin tafki.