A Bar Mana Kunnuwan Yaranmu

Duk lokacin da muka zauna taron reshe, abin da ke cika bakinmu shi ne albashi, da ƙarin girma, da alli, da benci. Duk haƙƙinmu ne, ba kuma za mu daina nema ba. Amma akwai wani kayan aiki da ake ƙwace mana kullum safiya ba tare da ya taɓa shiga takardar kokenmu ba, shi ne shiru. Malami da muryarsa yake noma, kunnen yaro kuwa ita ce gonar. Wanda ya cika wannan gona da ƙara ya ɓata shuka tun kafin ta tsiro.

Mu da ke riƙe da aji ɗaya da aji biyu mun san abin da muke nufi. Aikinmu na farko shi ne mu sa yaro ya ji bambancin da ke tsakanin "b" da "ɓ", da "d" da "ɗ", da "k" da "ƙ". Tsakanin "kafa" da "ƙafa" babu komai sai ɗan motsin maƙogwaro. "Gari" da ake zama a cikinsa da "gari" da ake tuƙa tuwo da shi, a rubuce ɗaya suke, kunne ne kaɗai ke raba su. Babba idan ƙara ta cinye masa rabin kalma yakan cike gurbin da abin da ya riga ya sani. Yaro ɗan shekara shida ba shi da abin cikewa. Abin da bai ji ba ya tafi ke nan. To, a ajin da ke da yara fiye da tamanin, taga ba murfi, rufi na kwano, titi kuma yana bayan katanga, me ɗan bencin ƙarshe yake ji idan mai adaidaita sahu ya kwanta a kan hon don kawai ya hango fasinja?

Kada wani ya ce rakin malamai ne. Tun 1999 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada ƙarar da ke shigowa aji lokacin darasi ta wuce desibel 35, wato ma'aunin ƙarfin sauti. Hirar yau da kullum tana kaiwa wajen 60. Hon ɗin mota kuwa, ga wanda ke kusa da shi, yana haura 100. A 1975 wata masaniya mai suna Arline Bronzaft ta fitar da sakamakon binciken da suka yi a wata firamare a birnin New York na Amurka, wadda layin jirgin ƙasa ya bi ta gefenta. Yaran aji shida da ke ɓangaren jirgin sun kasance a baya a karatu da kusan shekara guda, idan aka kwatanta su da 'yan uwansu da ke ɗaya ɓangaren ginin. Makaranta ɗaya, unguwa ɗaya, manhaja ɗaya. Da aka sa roba a layin dogon, aka kuma gyara rufin azuzuwan yadda zai shanye sauti, sai aka sake gwaji, bambancin ya ɓace. Ashe ba ƙwaƙwalwar yaran ce da laifi ba. Sau nawa aka tsayar da mu a gaban jami'an duba makarantu ana tambayar dalilin da ya sa yaranmu ba su iya karatu ba, ba tare da wani ya leƙa ta taga ya saurari abin da ke shigowa ba?

Hon dai masifa ce ta kullum. Ta biyu ita ce shagali. Ranar Alhamis ko Juma'a da hantsi, sai a kafa rumfa a filin da ke jikin makaranta, a tayar da janareta, a jera lasifika kamar buhunan hatsi, mai kiɗa ya fara gwajin kayansa tun kafin a tashi tara. Bayansa ga jerin gwanon motocin ɗaukar amarya, ga 'yan babur suna wasa da rayukansu, kowa hannunsa a kan hon. Idan kakar siyasa ta zo kuwa, sai motar yaƙin neman zaɓe ta tsaya daidai ƙofarmu tana yi mana alkawarin gyara ilimi da ƙarar da ta hana mu koyar da shi.

Za a ce mana al'ada ce, kuma mu ma muna aurar da 'ya'ya. Gaskiya ne, muna aurarwa, muna kuma zuwa biki da kwalliyarmu. Amma wace al'ada? Kalangun da iyayenmu suka taka a dandali da yamma ko a farin wata ake kaɗa shi, bayan an dawo daga aiki, kuma ƙarfinsa iyakar ƙarfin hannun makaɗi. Hawan Sallah da tamburansa da bindigoginsa ya fi kowane biki ƙara, amma ba mu taɓa kuka da shi ba, don yana da ranarsa, ranar kuma babu makaranta. Magabata sun san cewa komai da lokacinsa. Lasifika da ƙarfe goma na safiyar ranar karatu baƙon abu ne, kada a laƙaba wa kakanninmu.

Sai kuma sabon salon da wayar hannu ta kawo. Da zarar an ji cewa wani ɗan fim ko mawaƙi ya sauka a unguwa, ko an zo ɗaukar wani shiri a lungun da ke kusa, titi ya toshe. Matasa su yi dafifi, kowa ya ɗaga waya sama yana neman hoto, direbobin da suka maƙale su huce haushinsu a kan hon, ihu ya tashi. A cikin aji kuwa duk wuya ya juya taga. Manyan yara su haura katanga su faɗa cikin turmutsitsi a tsakanin motoci, mu kuma da aka ba amanarsu mu bi su a guje. Abin da ya fi ci mana rai shi ne na bayan nan: da yamma sai a ga fuskokin yaranmu cikin kayan makaranta suna yawo a TikTok da Facebook, ba wanda ya nemi izinin uba ko uwa. Shi tauraron ya zaɓi a san fuskarsa, da ita yake cin abinci. Yarinya 'yar aji huɗu ba ta zaɓa ba.

Mu duba kuma inda wannan abu ke faruwa. Makarantun 'ya'yan masu hali suna can cikin unguwanni masu itatuwa, da doguwar katanga da maigadi, ba mai kafa rumfar biki a ƙofarsu. Ƙara, kamar bola da kwata, ƙofar talaka take sani. Mu ne muke komawa gida da dusasshiyar murya, muna shan citta da zuma don mu iya magana gobe.

Ba doka ce babu ba. Tun 2009 Najeriya take da ƙa'idojin taƙaita ƙara a ƙarƙashin hukumar NESREA. A ranar 15 ga Oktoba, 2014, Legas ta ware yini guda ta roƙi direbobi su bar hon, kuma motoci ba su fasa tafiya ba. Mu ba yini guda muke nema ba, ba kuma gari duka ba. Muna neman daga ƙarfe takwas zuwa tashi, a kewayen makaranta kawai: a kafa allon hana hon, a zauna da shugabannin direbobi da na masu adaidaita sahu su ja kunnen mutanensu, mai unguwa kuma ya daina ba da filin da ke jikin aji sai bayan azahar. Masu shirya fim su ɗauki abinsu ranar Asabar.

Muna kira ga kowane shugaban makaranta a wannan reshe da ya sa malamansa su riƙa rubuta ranar da ƙara ta tsayar da darasi, da abin da ya jawo ta, da mintin da aka yi asara, har tsawon zango guda. Iyaye da ke cikin kwamitin kula da makaranta su sa hannu a matsayin shaidu. Da wannan littafi za mu je gaban hakimi da sakataren ilimi, a lissafa a gaban kowa.