Furanni a Kan Kabari, Almakashi a Kan Littafi

A watan Agustan 2020 hukumomin garin Athens, a jihar Jojiya ta kudancin Amurka, suka kwance wata hasumiyar farin dutse da ke tsaye daura da ƙofar Jami'ar Jojiya, suka mayar da ita bayan gari. Matan garin ne suka tara kuɗi suka gina ta a 1872 domin tunawa da mazajensu da suka mutu a Yaƙin Basasa. Masu kare irin waɗannan gine-gine a duk faɗin Kudu suna da hujja guda da suke maimaitawa: mata ne suka yi makokin matattunsu, aikin gado ne da zumunci, babu siyasa a cikinsa. Tarihin garin Athens kaɗai ya isa ya rushe wannan hujja, domin a nan ne aka tsara ɗaya daga cikin manyan ayyukan gyara wa bauta fuska da Amurka ta taɓa gani, kuma mata masu ladabi da kyauta ne suka tsara shi.

Wace ƙungiya ce

Daga 1861 zuwa 1865 jihohi 11 na Kudu suka ɓalle daga Amurka, suka kafa ƙawancen kansu, suka yaƙi gwamnatin tarayya. Mutum fiye da 600,000 suka halaka, Kudu ta sha kaye, bayi kusan miliyan 4 suka sami 'yanci. Bayan shekara 29 da gama yaƙi, a watan Satumban 1894, wasu mata suka hallara a Nashville suka kafa ƙungiyar da ake kira United Daughters of the Confederacy, wato haɗaɗɗiyar ƙungiyar 'ya'ya mata na Ƙawancen Kudu. Sharaɗin shiga shi ne mace ta nuna alaƙar jini da wanda ya yi wa Kudu hidima a yaƙin. Kafin Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ƙare, membobinta sun kusa 100,000.

Ƙarfin ƙungiyar yana cikin rassanta na garuruwa. Reshen Athens yana ɗauke da sunan Laura Rutherford, wadda ta jagoranci matan da suka gina hasumiyar. Wanda ya dubi ayyukan irin wannan reshe ba zai ga abin zargi ba da farko. Kowace ranar 26 ga Afrilu ana zuwa makabarta da furanni, ana share kaburburan sojoji. Ana taimaka wa tsofaffin mayaƙa da zawarawansu, waɗanda gwamnatin tarayya ba ta biyansu fansho. Ana shirya wa 'yan makaranta gasar rubutu, ana ba da tallafin karatu, ana kai hotunan shugabannin Kudu a rataye a azuzuwa. A Athens ne wata mata, Mary Ann Cobb Erwin, ta fito da shawarar lambar girmamawa ta tagulla da ƙungiyar ta riƙa maƙala wa tsofaffin sojoji, kuma mijinta ne ya fara karɓarta a 1900. A 1902 matan Jojiya suka aza harsashin ɗakin kwanan ɗalibai mata a kwalejin horon malamai ta garin, suka sa masa sunan Winnie Davis, 'yar shugaban Kudu Jefferson Davis.

Babu mai hankalin da zai hana mutum kukan mamacinsa. Zawarar da aka bari da marayu ba ta aikata laifi ba don ta karɓi taimako, uwar da ta rasa ɗa kuma tana da haƙƙin ta san kabarinsa. Da matan Athens sun tsaya a nan, da babu abin cewa. Sai dai daga makabarta sun zarce makaranta, kuma a can ne ainihin aikin yake.

Ma'aunin Mildred Rutherford

'Yar Laura, wato Mildred Lewis Rutherford, an haife ta a 1851, ta rasu a 1928. Ta daɗe tana shugabancin makarantar 'yan mata ta Lucy Cobb a Athens, sannan daga 1911 zuwa 1916 ita ce babbar mai kula da tarihi ta ƙungiyar a ƙasa baki ɗaya. Takan hau mumbari sanye da irin tufafin matan masu gandu na kafin yaƙi, tana shaida wa jama'a cewa bayin Kudu suna cikin mutanen da suka fi kowa jin daɗi a duniya, kuma bauta ce ta kawo musu wayewa da addini.

A 1919 ƙungiyar tsofaffin sojojin Kudu ta kafa kwamiti kan littattafan makaranta, daga nan aka fitar da wani ɗan ƙaramin littafi na Mildred mai suna A Measuring Rod to Test Text Books, wato sandar awon littattafan karatu. Umarninsa a fili yake. Duk littafin da ya ce Kudu ta yi yaƙi domin riƙe bayinta, a yi watsi da shi. Haka wanda ya siffanta masu bayi da zalunci, da wanda ya kira sojan Kudu ɗan tawaye, da wanda ya ɗaukaka Abraham Lincoln ya ƙasƙantar da Jefferson Davis. Littattafan da suka riga suka shiga ɗakunan karatu kuwa, an nemi a rubuta a jikinsu cewa ba su yi wa Kudu adalci ba.

Wannan ba shawarar banza ba ce. A jihohin Kudu da yawa hukuma guda ce ke zaɓar littafin da dukkan makarantun gwamnati za su saya, saboda haka mai buga littafi da ya ɓata wa matan rai ya yi asarar kasuwar jiha ɗungurungum. Rassan ƙungiyar suna da kwamitocin duba littattafai, kuma membobinsu matan alƙalai ne da 'yan majalisa da shugabannin makarantu. Masu buga littattafai suka koyi yin shiru tun kafin a tsawata musu. Ga kuma reshen yara da aka fara a 1896, inda ake koya wa ƙanana tambaya da amsa su haddace kan dalilin yaƙin. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, matan kuwa sun san haka sarai.

Shaidar 'yan gida

Abin da ya fi tona asirin wannan ma'auni shi ne cewa masu ƙaryata shi 'yan gidan su Mildred ne. Kawunta Howell Cobb shi ya shugabanci majalisar da ta kafa Ƙawancen Kudu a 1861. Ɗaya kawun nata, Thomas R. R. Cobb, wanda ya kafa makarantar da ta shugabanta, ya wallafa babban littafin shari'a a 1858 yana kare bautar da baƙar fata, sannan yana cikin manyan waɗanda suka tsara kundin mulkin Kudu. Kundin ya haramta wa majalisa yin duk wata dokar da za ta taɓa haƙƙin mallakar bayi baƙaƙe. Takardar da jihar Jojiya ta fitar a watan Janairun 1861 don bayyana dalilin ɓallewarta, tun daga farkonta maganar bauta take yi. A ranar 21 ga Maris na shekarar, Alexander Stephens, ɗan Jojiya kuma mataimakin shugaban Kudu, ya tsaya a Savannah ya bayyana cewa sabuwar gwamnatinsu ta ginu ne a kan imanin cewa baƙar fata ba daidai yake da farar fata ba, kuma bauta ce matsayin da ya dace da shi.

Mutanen da suka kunna wutar ba su ɓoye dalilinsu ba. Da a ce an auna takardunsu da sandar Mildred, da su ma an rubuta a jikinsu cewa ba su yi wa Kudu adalci ba. Thomas Cobb ya mutu a fagen daga a watan Disamban 1862, lokacin tana da shekara 11, kuma babu shakka ta ji zafin rashinsa. Amma zafin rashi ba ya ba mutum ikon sauya abin da mamaci ya faɗa da bakinsa. Wanda ya goge kalaman kawunsa don ya wanke shi, ya yi wa kawun ƙarya, ya kuma yi wa bayin kawun ƙarya ta biyu.

Lokacin da aka zaɓa

Shekarun da ƙungiyar ta fi ƙarfi su ne shekarun da ake ƙwace wa baƙaƙen Kudu abin da suka samu bayan yaƙi. A 1906 gungun fararen fata suka far wa baƙaƙe a Atlanta suka yi kisa. A 1908 Jojiya ta yi wa kundin mulkinta gyaran da ya hana mafi yawansu jefa ƙuri'a. A 1909 matan ƙungiyar na Jojiya suka kafa wa Henry Wirz hasumiya a Andersonville, shi ne kwamandan sansanin da fursunonin yaƙi kusan 13,000 suka mutu a cikinsa, wanda aka rataye a 1865. A 1914 wata jigo a ƙungiyar daga Mississippi, Laura Martin Rose, ta wallafa littafin yabon Ku Klux Klan domin 'yan makaranta, tare da amincewar ƙungiyar. A 1915, shekarar da aka farfaɗo da Klan a kan dutsen Stone Mountain, Helen Plane ta reshen Atlanta, wadda ke jagorantar yunƙurin sassaƙa jaruman Kudu a jikin dutsen, ta ba da shawarar a haɗa da 'yan Klan a sassaƙar. A watan Fabrairun 1921 kuma, a Athens ɗin kanta, gungun mutane suka fasa kurkuku suka fitar da wani baƙar fata mai suna John Lee Eberhart, suka ƙona shi ba tare da shari'a ba.

Ba matan ƙungiya ne suka riƙe ashana ba, kuma ba daidai ba ne a ɗora musu wannan. Abin da ke wuyansu shi ne labarin da ya sa irin wannan ta'asa ta zama abin da al'umma ke iya haɗiyewa: cewa baƙar fata ya fi zama lafiya a ƙarƙashin ubangida, cewa 'yancinsa ne ya kawo fitina, cewa 'yan Klan na farko sun ceci Kudu. Yaron da ya haddace wannan yana ɗan shekara 10, me zai gani idan ya girma aka ce baƙar fata zai zauna kusa da shi a aji? A watan Janairun 1961, da kotu ta tilasta wa Jami'ar Jojiya karɓar Charlayne Hunter da Hamilton Holmes, sai da ɗalibai suka yi tarzoma a gaban ɗakin kwanan Charlayne.

Iƙirarin cewa babu siyasa a aikin ya fi ban mamaki idan aka tuna cewa Mildred da kanta ta je gaban majalisar Jojiya a 1914 tana adawa da ba mata damar ƙuri'a, kuma a 1919 Jojiya ce jiha ta farko da ta ƙi amincewa da gyaran kundin mulkin da ya ba su damar. Macen da ke zaɓar abin da yaran jiha za su karanta ba ta rasa komai ba don ba ta je rumfar zaɓe ba. Sunan makoki da zumunci shi ya ba wa waɗannan mata kariyar da ɗan siyasa ba ya samu, domin kowa yana jin nauyin ja da tsohuwa mai ɗauke da furanni.

Gadon wa?

Ƙidayar 1860 ta nuna bayi fiye da 460,000 a Jojiya, kimanin kashi 44 cikin 100 na mutanen jihar. Su ma 'yan Kudu ne, su ma suna da matattu da kaburbura. Ɗaya daga cikinsu shi ne Bilali Muhammad, mutumin Timbo a ƙasar Futa Jallon, wanda aka bautar a tsibirin Sapelo a gandun Thomas Spalding. Ya bar rubutun hannu na Larabci mai shafi 13. Masani Joseph Greenberg ya nuna kwafinsa ga malamai a Arewacin Najeriya, kuma a 1940 ya wallafa cewa rubutun yana da alaƙa da Risala ta Ibn Abi Zaid, littafin fiƙihun Malikiyya da ɗaliban ilimi na ƙasar Hausa ke karantawa har gobe. Yau wannan rubutu yana ajiye a ɗakin karatun Jami'ar Jojiya, a cikin garin Athens.

Wato a garin da Mildred ta yi rayuwarta tana koyar da cewa bauta ce ta kawo wa Afirkawa addini da wayewa, akwai takardar bawan da ya iso da karatunsa da alƙalaminsa tun daga gida. Sandar awonta ba ta da gurbin irin wannan mutum. Ƙungiyar da ta ce gadon Kudu take karewa, alhali kusan rabin mutanen jihar ba su shiga lissafinta ba sai a matsayin amintattun bayi, gadon masu gandu kawai ta kare.

Ƙungiyar tana nan har yau, hedikwatarta tana Richmond, rassanta suna zuwa makabarta suna ba da tallafin karatu. A 2017, bayan tarzomar Charlottesville, ta fitar da sanarwa tana nesanta kanta daga masu wariyar launin fata. Wannan abin maraba ne, amma ma'aunin gaskiyarsa mai sauƙi ne, kuma yana hannun kowane reshe. Ranar 26 ga Afrilu, bayan an ajiye furanni, a karanta wa yara takardar ɓallewar Jojiya da jawabin Stephens yadda suke, a kuma faɗa musu adadin bayin da ke gundumar a 1860. Reshen da ya iya yin haka ya cancanci a kira shi ƙungiyar tarihi. Wanda ya kasa, to sandar Mildred ce har yanzu a hannunsa, ko da an kwashe kowace hasumiya daga tsakiyar gari.