Kuɗin Kujera Muka Biya, Ba Mu Sayar Da Kunne Ba

Ina da ƙara, kuma waɗanda nake ƙara su ne direbobin ƙananan bas-bas, Hayis da Sharon da Siyana, masu jigila daga tashar Unguwa Uku zuwa Kura da Bunkure da Garun Malam. Wata ɗabi'a ta shigo musu. Da zarar mutum ya karɓi mota, kafin ya duba birki ko taya, sai ya zarce wurin rewaya a ciro lasifikokin da kamfani ya sa, a dasa masa waɗansu manya, a ƙara da akwati a ƙarƙashin kujerar baya. Ni a ganina wannan zalunci ne da kuɗin fasinja.

Bari mu fara da ita motar. Kamfani ya auna lasifika daidai ƙarfin rediyonta, ya auna waya daidai wutar da za ta ɗauka, ya sa fis domin in wuta ta yi yawa ya tsinke. Babbar lasifika sai da amfilifaya, ita kuwa daga batir mai bolt 12 take zuƙar wuta. Sau da yawa akan jona ta kai tsaye ba fis, a naɗe da salatif, a tura ƙarƙashin kafet. Ranar da wayar ta goge ta taɓa ƙarfe, wa zai tsinke wutar? Mota cike da mata da goyo, ga ƙofar fita ɗaya!

Sai kunne. Masana lafiyar ma'aikata sun ce ƙarar da ta kai desibel 85 kada a wuce awa 8 cikinta. In ta kai 100, minti 15 ne kacal. Kunnen da ƙara ta kashe kuwa ba ya dawowa. Fasinja dai zai sauka a Kura, amma direba da yaron mota a ciki suke wuni. Tun 2009 akwai dokar hukumar NESREA a kan ƙara, sai dai takarda ba ta bin mota.

Ku dubi hanyar ma. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, ƙasar Kadawa ta zama rumbun shinkafa da alkama da tumatir. Lokacin rani je ka Kwanar Gafan ka gani: kwanduna a bakin titin Zariya, 'yan dako na tsallakawa, babura da amalanke na kutsawa, manyan motoci na lodi. A irin wannan wuri direba da kunne yake tuƙi kamar yadda yake yi da ido. Wanda bai ji ham ɗin tirela ba, bai ji ƙarar tayarsa ba, bai ji tsohuwa na cewa "akwai sauka" ba, ina amanar da ya ɗauka?

Za su ce kiɗa na korar barci. To, maganin barci ai barci ne. A faka a runtsa. Waɗansu su ce wa'azi suke sawa. Madalla, amma wane malami ne ya halatta cutar da mara lafiyar da ake kaiwa asibiti Kano?

Mu masu nazarin Hausa muna da tamu asarar. Waƙar Hausa magana ce. Shata da Ɗanƙwairo don zancensu ake saurarensu, kalangu kansa karin harshe yake bi. Akwatin nan kuwa gurnani kawai ya iya. Yana haɗiye baiti, ya bar ƙirji na rawa. An biya kuɗi an sayi rashin ji.

Ban ce kada a gyara ba. In lasifika ta yage, a sa sabuwa daidai ramin tsohuwar, daidai ƙarfin rediyon, a bar fis a wurinsa. Ragowar kuɗin a kai Ƙofar Ruwa a sayo birki. Shugabannin ƙungiyar direbobi, ku da kuke duba layi da kuɗin tasha, ku riƙa duba ƙarƙashin kujera. Mu kuma fasinjoji mu daina kunya. In an ƙure ƙara, a ce, "Malam direba, don Allah rage." In ya ƙi, gobe a bar masa motarsa ya ɗauki akwatinsa.

Allah Ya kai mu gida lafiya, da kunnuwanmu. Amin.