RA'AYINMU: Shekara Bakwai Kan Tambaya Guda

Kowane ɗalibi ya san 9 da 16 sun tashi 25, watau 3 sau 3 a tara da 4 sau 4 daidai yake da 5 sau 5. Wajen shekarar 1637 wani lauya Bafaranshe, Pierre de Fermat, ya rubuta a gefen littafi cewa in aka jera kowace lamba sau uku ko fiye ana ninkawa, kamar 3 sau 3 sau 3, ba za a taɓa samun cikakkun lambobi uku masu irin wannan daidaito ba. Ya ce yana da hujja, sai dai gefen takardar ya yi masa kaɗan.

Mai karatu zai ce, to a yi ta gwadawa mana. Ai lambobi ba su da iyaka, hujja kuwa tilas ta game dukkansu.

Andrew Wiles, Baturen Ingila da ke koyarwa a Jami'ar Princeton a lokacin, shekara bakwai ya yi yana aikin a ɓoye. Ya ba da sanarwa a Cambridge cikin 1993, masu dubawa suka gano giɓi, sai a 1994 ya toshe shi da taimakon tsohon ɗalibinsa Richard Taylor.

Lalle hujjar ta wuce shafi ɗari, 'yan kaɗan ne ke iya binta, amma tambayar kanta Wiles yana ɗan shekara goma ya gane ta. A ganinmu malamin lissafi ba shi da uzurin cewa abin ya fi ƙarfin yara. Jami'an da ke yanke kuɗin bincike don shekara ta zagayo babu sakamako kuwa, da Wiles a hannunsu yake, da tun shekara ta biyu sun rufe fayil ɗinsa.