Alhaji, Kada Ka Kai Askarmu China



Kwanan baya, bayan sallar la'asar, na zauna a wata rumfar teloli a Aboabo, a nan Kumasi, inda na ji wani attajirinmu yana bayyana shawarar da ya yanke. Dattijo ne mai mutunci, don haka ba zan kama sunansa ba. Shekara da shekaru yana ba masu aikin wuyan riga da masu ɗinkin hula na unguwa aiki, ya sayar a Kejetia, ya aika Nima da Mamobi. Yanzu ya ce zai ɗauki hoton kowane zane, ya tura wa wata masana'anta a Guangzhou, inji ya buga masa dubbai, a lodo a kwantena zuwa Tema. Ya ce kuɗin bai kai rabin abin da yake biya a gida ba. Da wani tsoho ya tambaye shi makomar yaran rumfar, sai ya amsa da cewa kasuwa ba ta san ɗan'uwa ba.

To, Alhaji, tunda lissafin kasuwa ka kawo, mu ajiye zumunci tukuna, mu yi lissafin.

Ban zo in zagi fatauci ba. Kakanninmu da jakuna suka zo Salga neman goro, ɗauke da kanwa da tufafin Kano, kuma ta wannan hanya aka kafa zangunan da muke ciki. Shaddar da muke yanka ta fi daraja daga Ostiriya take zuwa, zare da allura da keken ɗinki duk baƙi ne. Sayen kayan aiki daga waje al'adarmu ce. Abin da kake shirin yi dabam ne: za ka miƙa aikin kansa, tare da zanen da ya sa ake neman ka.

Mene ne jarinka na gaskiya? Kuɗi dai akwai waɗanda suka fi ka. Abin da ka fi su shi ne ka san aska takwas daga aska biyu, ka san irin wuyan da limami zai sa da irin wanda ango zai sa, kana kuma da hannayen da za su fitar da shi. Ranar da ka tura zanen nan ta waya, ya zama na duk wanda ya riƙe injin. Wace yarjejeniya za ka kai wace kotu idan ka ga rigarka a rumfar maƙwabcinka da rabin farashinka? Masana'antar da ta buga maka dubu za ta buga wa wani dubu goma, domin ita ma kasuwarta ba ta san ɗan'uwa ba.

In kana ganin zato nake yi, dubi Lome. A shekarun 1970 da 1980, matan nan da ake kira Nana Benz su ne sarautar atamfa a Afirka ta Yamma. Daga baya wasu 'yan kasuwa suka riƙa kai samfurin zane China ana kwaikwayo musu da araha. Sun ci riba na ɗan lokaci. Da masana'antun suka gane abin da kasuwar ke so, sai kayansu suka cika ta, dillalansu suka iso da kansu, wanda ya nuna hanya ya koma ɗan kallo. A nan Ghana ma, masaƙu irin su Akosombo da Juapong da na Tema sun ɗauki ma'aikata kusan 25,000 a 1977. Zuwa 2000 saura kusan 5,000. Dalilan suna da yawa, amma kwararar yadi mai araha da satar zane suna cikin manyansu. Har sai da gwamnati ta ƙirƙiro sa tufafin gida ranar Juma'a a 2004 don ceto abin da ya rage. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Sai maganar arahar kanta. Da dala za ka biya, da sidi za ka sayar. A farkon 2022 dala ɗaya kusan sidi 6 ce. Kafin shekarar ta ƙare ta haura 14. Wanda ya yi odar kaya a watan Janairu da lissafin riba ya wayi gari yana bin bashi. Ƙara kuɗin jirgi, da kwastan, da makonnin da kaya ke yi a teku. Kasuwar riga ta Sallah ce da biki. Kwantenar da ta iso bayan an sauko Idi ta zama kayan ajiya. In wuyan ya karkace, telan Aboabo zai warware ya gyara kafin magariba. Wa zai gyara maka riga dubu da aka buga da kuskure ɗaya? Araha ba ta ado, in ji magabata.

Yanzu mu dawo kan zumuncin da na ajiye. Mu tsiraru ne a ƙasar nan. Ba mu da gonakin koko, kujerunmu a ma'aikatun gwamnati kaɗan ne. Abin da ya riƙe Zango shi ne sana'ar hannu: ɗinki, fawa, dukanci, wanzanci, dillanci. Rumfar tela makaranta ce. A nan yaro yake koyon awo da haƙuri da gaida manya, a nan yake jin Hausar da ba ta gauraya ba. In rumfar ta rufe, kowa ya san inda yaron zai nufa: ramin galamsey, ko hanyar Agadas zuwa Libiya. Riba ce ka ci, ko iri ka daka ka yi tuwo?

Maƙwabtanmu sun fahimci wannan. Asantawa da Ewe sun riƙe saƙar kente har hukumar UNESCO ta sa ta cikin gadon al'adun duniya a Disamban 2024. Mutanen Daboya suna nan kan rini da saƙar batakari. Su ma kwaikwayo yana damun su, amma ba su ne suke ɗaukar zanensu da hannunsu su kai ba.

Gaskiya ɗaya kake da ita, Alhaji, kuma dole teloli su ji ta. Alkawarin tela ya zama abin ba'a. Ana karɓar kuɗi, a ɓoye ranar jajibiri, a kawo aikin da bai kai samfuri ba. Wanda ya saɓa alkawari sau uku shi ya buɗe wa China ƙofa. Mu masu saye ma muna da laifi: mu taya rigar hannu da farashin ta inji, mu karɓi kaya bashi har wata Sallar.

Maganin yana gida. Kuɗin da za ka zuba a kwantena ɗaya, sayo injin aikin wuya mai kwamfuta, ka girke shi a Aboabo ko Asawase, ka koya wa yaranmu sarrafa shi. Inji ya yi na talaka mai araha, hannu ya yi na alfarma da tsadarsa. Ka rubuta ranar karɓar aiki, ka biya kan lokaci, wanda ya saɓa ka sallame shi. Zare da yadi, sayo su duk inda suka fi sauƙi, har China. Zanen da hannun da ke fitar da shi kuwa, bar su inda ka gaje su.

Na san ba ka tura hotunan ba tukuna, shi ya sa na rubuta. Allah ya sa albarka a kasuwarka, ya sa yaran rumfar nan su ci daga cikinta.