FILIN 'YAN MATA: Tsohon Lokaci Ba Ya Kama Sabon Jirgi

Yau jan kunnen nawa kan jirgin ƙasa ne, musamman ga masu zuwa hutu da masu komawa makaranta.

Tun 1911 dogo ya iso Kano, ya kai Nguru a 1930, ya kai Maiduguri a 1964. Shi ya sa su Hajiya har gobe suke iya lissafo miki ranakun tashin jirgi da ka. To amma fa wancan zamanin ya wuce. Jirgin Ikko zuwa Kano ya yi shekaru a tsaye, da aka dawo da shi a 2012 kuwa sau ɗaya tak yake tasowa a mako, tafiyar fiye da awa 30.

Na Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016 ma bai tsira ba. Bayan harin watan Maris na 2022 sai da ya yi wata takwas ba ya aiki, da ya dawo a Disamba aka rage masa sawu.

Don haka 'yar uwa, kar ki ɗauki akwati don kawai Anti ta ce "ai ƙarfe kaza yake tashi." Tura Yaya tasha ya tambayo tun ana gobe, a sayi tikiti, a sanar da mai tarbarki. Wallahi ba mutuncin budurwa ba ne dare ya riske ta ita kaɗai a tasha. Matambayi dai ba ya ɓata.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.

Taku har kullum,
Antinku