Ƙanƙarar da ta Tuɓe Magajin Gari

A ƙasashen sanyi, irin su Amurka da Kanada da Ingila, da zarar watan Nuwamba ya kama, hukumomin manyan birane sukan shiga wani shiri kamar na yaƙi. Abokiyar gabarsu ita ce dusar ƙanƙara, wadda takan sauko daga sama fara fat kamar auduga, ta kwana tana zuba, gari ya waye hanyoyi duk sun toshe. In ba a kwashe ta da wuri ba, sai motoci su danne ta, ta ɗan narke da rana, da dare kuma ta daskare ta koma kamar gilashi. Daga nan babu sauran birki, babu sauran sitiyari. Motar asibiti ba ta isa wurin mai naƙuda, motar kashe gobara ba ta isa gidan da ke ci da wuta, lebura mai cin guminsa kullum kuwa sai ya zauna gida ba ko sisi.

Saboda haka share hanya da barbaɗa mata gishiri da tsakuwa babban aiki ne a waɗannan wurare, har ya zama shi ne ma'aunin da talakawa suke auna hukumar garinsu da shi. Duk mai shakkar haka ya tuna da abin da ya faru a birnin Shikago na Amurka cikin shekarar 1979.

Ran 13 da 14 ga watan Janairu na wannan shekara dusar ƙanƙara mai kaurin inci 20 da ɗoriya ta zuba a Shikago, alhali kuwa masu duban yanayi sun ce 'yar kaɗan za a yi. Ta kuma tarad da wata a ƙasa wadda ba a gama kwashewa ba. Aka rufe filin jirgin sama na O'Hare. Motoci suka maƙale a tituna, wasu aka bar su nan ƙanƙara ta binne su. Shara ta taru a lunguna don motocin kwasa ba su iya shiga. Kafin sanyin bana ya wuce, jimlar abin da ya zuba a birnin ya kai kusan inci 90, wanda ba a taɓa ganin irinsa ba tun da aka fara rubutawa.

Magajin garin a lokacin shi ne Michael Bilandic, wanda ya gaji Richard Daley bayan rasuwarsa a watan Disamba na 1976. Jam'iyyarsa ta Dimokurat ta daɗe tana riƙe da birnin, kuma abin da take taƙama da shi shi ne aiki: a kwashe shara, a gyara fitila, a share hanya. Mutane sun daɗe suna kau da kai daga wasu laifuffukanta saboda wannan. To, ranar da aikin ya gagara, sai jama'a suka ga ba sauran dalilin kau da kai.

Ba wanda ya ga laifin Bilandic a kan zubar ƙanƙara, domin wannan ikon Allah ne. Abubuwa uku ne suka harzuƙa mutane. Na farko, hukuma ta umarci masu motoci su ɗauke su daga bakin titi su kai filayen makarantu, ta ce an riga an share filayen. Mutane suka sha wuya suka tono motocinsu, suka je suka tarar da yawa daga filayen a rufe da ƙanƙara. Ramin ƙarya ƙurarre ne, balle ƙaryar da kowa zai iya leƙawa ta taga ya gane ta. Na biyu, sai ta fito fili cewa an biya kamfanin wani tsohon mataimakin magajin gari dala 90,000 don ya tsara yadda za a yi maganin ƙanƙara, ga shi kuwa tsarin bai tsinana komai ba. Na uku, wanda ya fi duka ciwo, shi ne na jiragen ƙasa na cikin gari. Ƙanƙara da gishiri sun ɓata injinan jirage da yawa, sai hukumar sufuri ta ga dabarar da za ta yi ita ce jiragen da suka rage su riƙa wuce wasu tashoshi ba tsayawa. Tashoshin da aka zaɓa a tsallake kuwa galibinsu na unguwannin baƙaƙen fata ne. Mutane na tsaye cikin sanyi mai ratsa ƙashi, suna kallo jirgi ya wuce su cike da mutanen wasu unguwanni.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Akwai wata mata, Jane Byrne, wadda Bilandic ya kora daga aiki a 1977. Ta tsaya takara da shi, amma kafin ƙanƙara ba wanda ya ɗauke ta da muhimmanci. Sai ta fita cikin titunan da ba a share ba, aka ɗauki hotonta aka nuna a talabijin. Ran 27 ga watan Fabrairu aka yi zaɓen fid da gwani na jam'iyyar, gari ya yi kyau, rana ta fito, jama'a suka yi dafifi wurin jefa ƙuri'a, ta kada shi da ratar da ba ta kai ƙuri'a 20,000 ba. A watan Afrilu ta ci babban zaɓe, ta zama mace ta farko da ta riƙe birnin Shikago. Bilandic ba sakarai ba ne, don daga baya har ya zama babban alƙalin kotun ƙoli ta jihar Ilinoi. Amma har ya bar duniya, in an ambaci sunansa ƙanƙara ake fara tunawa.

Da ma an yi masa gargaɗi, in da ya lura. Shekara goma kafin nan, cikin Fabrairu na 1969, ƙanƙara mai inci 15 ta zuba a birnin Niyok, mutum 42 suka mutu, wajen rabinsu a yankin Kwins, inda aka yi kwanaki ba a share tituna ba bayan an riga an share tsakiyar birni. Aka tarar motocin share ƙanƙara da yawa a lalace don ba a kula da gyaransu ba. Da magajin gari John Lindsay ya je Kwins ganin halin da ake ciki, ihu aka yi masa. Ya faɗi zaɓen fid da gwani na jam'iyyarsa a wannan shekara, da ƙyar ya koma kujerarsa ta wata jam'iyyar. Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Abin da ya kamata a fahimta shi ne, aikin nan na kafin zubar ƙanƙara ne. Amfanin gishiri shi ne yana hana ruwa daskarewa da wuri. In an barbaɗa shi, ko an yayyafa ruwan gishiri a kan kwalta tun kafin ƙanƙara ta sauko, ba ta samun damar mannewa, sai mota mai garma a gaba ta zo ta ture ta gefe cikin sauƙi. In kuwa aka jira har ta daskare, gishirin da za a zuba ya ninka, aikin kuma ya ninka. Har ila yau in sanyi ya tsananta, ma'auni ya sauka kamar digiri 10 ƙasa da sifiri, gishirin ba ya wani tasiri, sai a haɗa da wasu sinadarai masu tsada, ko a watsa yashi da tsakuwa don taya ta sami abin kamawa. Duk wannan yana bukatar rumbu cike da gishiri, da motoci masu lafiya, da direbobin da suka san hanyoyinsu, tun cikin watannin zafi. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ingila ma ta ɗanɗana kuɗarta. Bayan an yi shekaru da yawa sanyi bai yi tsanani ba, majalisun garuruwa suka rage gishirin da suke ajiyewa, suna ganin an tara kuɗi ne a rumbu ba amfani. Ran 2 ga watan Fabrairu 2009 ƙanƙara ta rufe Landan, aka wayi gari an tsai da dukan bas-bas na birnin. Cikin 'yan kwanaki gishiri ya yi ƙaranci a ƙasar, mahaƙar gishiri ta Winsfod da ke lardin Cesha ta kasa biyan bukatar kowa, har gwamnati ta kafa kwamitin da zai riƙa raba ɗan abin da ake da shi. Binciken da aka yi a 2010 ya ba da shawarar kowace hukuma ta shiga lokacin sanyi da gishirin da zai ishe ta kwana 12 na tsananin ƙanƙara.

Akwai masu cewa, kuma maganarsu ba ta banza ba ce, babu birnin da zai iya sayen motoci da ɗaukar ma'aikata don jiran masifar da sai shekara goma ko ashirin take zuwa, alhali ga makarantu da asibitoci suna neman kuɗi. Gaskiya ne. Amma abin da ya faru a Atlanta ran 28 ga watan Janairu 2014 ya nuna cewa ba kullum ne kuɗi ke zama matsalar ba. Ƙanƙarar da ta zuba ba ta kai inci uku ba. Sai dai an bar makarantu da ofisoshi a buɗe da safe duk da gargaɗin masu duban yanayi, sa'an nan aka sallami kowa a lokaci guda. Hanyoyi suka cushe, motocin gishiri suka rasa ta inda za su bi, dubban yara suka kwana a makarantu, mutane suka kwana cikin motocinsu. Gwamnan jihar, Nathan Deal, ya fito ya nemi gafarar jama'a. Da an ce wa mutane su zauna gida tun daren jiya, da ba a kashe ko kwabo ba.

Sa'an nan kada tsoron faɗuwa zaɓe ya sa a wuce gona da iri. Amurka tana zuba kimanin tan miliyan 20 na gishiri a hanyoyinta kowace shekara. Gishirin nan ba ya ɓacewa. Yana cin ƙarfen gada da na mota, yana ƙona itatuwan bakin hanya, in ƙanƙara ta narke kuma ya bi ruwa ya shiga rafuka da rijiyoyi. Hukumar da ta zuba ninki biyu don kawai a ga tana aiki, ta bar wa 'ya'ya da jikoki bashin da za su biya da ruwan shansu. A auna, a zuba daidai, a zuba kan lokaci.

Shikago dai ta koyi darasi. Tun bayan 1979 aka kafa doka cewa daga 1 ga watan Disamba zuwa 1 ga Afrilu ba a barin mota a bakin manyan tituna masu tsawon mil 107 daga ƙarfe 3 zuwa 7 na asuba, ko da ƙanƙara ko babu, wanda ya saɓa a janye motarsa. Masu motoci suna gunaguni kowace shekara, amma babu magajin garin da ya yi kasadar soke dokar. Duk da haka a Fabrairu na 2011 ɗaruruwan motoci suka maƙale dare guda a babban titin bakin tafki, abin da ya nuna shiri ba ya ƙarewa.

Kamata ya yi kowace hukumar gari a waɗannan ƙasashe ta riƙe abu huɗu. Ta cika rumbunta ta gyara motocinta tun rana tana zafi. Ta gaya wa jama'a gaskiya, in hanya ba ta biyuwa ta ce ba ta biyuwa. Ta buga jerin hanyoyin da za a fara sharewa kowa ya gani, a sa na asibiti da na bas da na makaranta a gaba, kada unguwar talakawa ta zama ita ce ta ƙarshe kullum, domin talaka shi ne ba ya da halin zama gida ya jira rana ta narkar da ƙanƙara. Ta kuma kula da haƙƙin direbobin nan da suke kwana bisa hanya cikin sanyi sa'ad da kowa yake cikin bargo.

Jama'a suna iya haƙuri da abin da ya sauko daga sama. Abin da ba su yafewa shi ne a karɓi harajinsu duk shekara, ranar bukata kuma a bar su da shebur a hannu. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Allah ya ba shugabanni ikon tuna haka tun kafin hadari ya haɗu.